Google Lens a aji: yana tona asirin tsohon hoto, amma a haɗa shi da TinEye

Ga malamin da ke koya wa ɗalibai gane labaran ƙarya, Google Lens, hanyar bincike da hoto ta Google, ya cancanci darasi guda. Kyauta ne. Ɗalibi ya adana hoton da aka turo a WhatsApp, ya buɗe manhajar Google, ya taɓa alamar kyamara, ya zaɓi hoton. Nan take shafukan da suka taɓa wallafa shi za su bayyana, sai a duba kwanan wata. Sau da yawa hoton "rikicin jiya" ya shekara biyar, a wata ƙasa ma.

Matsalarsa, yakan cakuɗa hotuna masu kama da juna, yara su ɗauka ɗaya ne. A sa su kwatanta allunan shaguna da lambar mota. TinEye, wani shafin binciken hoto na daban, ya fi Google Lens jera sakamako daga mafi tsufa. Bidiyo kuwa, sai an tsayar an ɗauki hoton allo tukuna.