Wayar sola daga kan kwano zuwa ɗakin batir: me za ka saya kafin a huda bango?

Kafin ka hau mota zuwa Sabon Gari ko kasuwar Haɗeja, fara duba bangonka. Ginin laka ne ko bulo? Shi zai faɗa maka abin saye.

Mafi araha shi ne a bi jikin bango da waya a fili, ba a cikin fayif ba, a kama ta da kilif. A bulo mai filasta ƙusar na zama. A laka kuwa damina ɗaya ta ishe ta, yaɓe ya jiƙe, ƙusa ta zare, waya ta yi lilo har akuya ta kai mata baki. Ga ɓera kuma. Wannan sai dai na wucin gadi.

Fayif ɗin roba na wayarin ya fi. Ana sayar da shi tsawon kusan mita 3, mai faɗin milimita 20 ko 25. In wayoyi biyu masu kaurin 6 (wato 6mm², lambar kauri da ake rubutawa a jikin waya) za su bi ciki, ɗauki na 25, don ana so a bar fiye da rabin cikinsa fili, waya ta sha iska, ta kuma jawu ba gardama. Matsa shi da yatsa a shago: wanda ya lotsa nan take zai fashe ranar lanƙwasawa. Kada lanƙwasa ta wuce biyu ba tare da an sa ƙaramin akwatin da ake jawo waya ta cikinsa a tsakani ba, in ba haka ba waya ta cije a tsakiya, sai an fasa bango.

A bulo ana iya sassaƙa hanya a binne fayif a shafe da siminti, amma a sauko da ita sak daga sama zuwa ƙasa, yadda mai buga ƙusa gobe zai san inda take. Bangon laka ba a yi masa doguwar sassaƙa. Huda ɗaya ake yi, a zura guntun fayif, a liƙe gefensa. Ramin ya karkata ƙasa ta waje, kuma wayar ta ɗan sauka ƙasa da bakinsa kafin ta hau ta shiga, ruwan sama ya ɗige a waje. Wanda ya manta wannan, shi ne za ka ga danshi ya zana layi a bangon ɗakinsa cikin watan Agusta.

Kaurin waya ne inda aka fi yin arahar da ba ta ado. A sola mai bolt 12, in wuta mai amfiya 10 za ta yi tafiyar mita 10, wayar 2.5 na cinye kusan bolt 1.4 a hanya, ta 6 kuwa wajen 0.6. Sai a yi ta zargin batir, alhali laifin waya ne. Ɓangaren da ke shan rana a kan kwano a sa masa wayar sola ta ainihi, don robar wayar cikin ɗaki na bushewa ta tsattsage, kuma a rufe inda ta taɓa bakin kwano, kaifinsa na yanka.

Je da 'yar wuƙa. Kankare zaren wayar a gaban mai shago. In ciki ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye masa kayarsa.

In ɗakin batir na can ƙetaren tsakar gida, sayi waya mai sulke, wato mai rufin ƙarfe, a binne ta zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa yashi, a jera bulo a kai saboda mai fartanya.