Sikelin 'yan zinare a hannun ɗan bindiga: abin da na gani bayan Sallah biyu

Tun ina yaro nake bin mahaifina cikin 'yan bindigar hakiminmu, a wani gari na ƙasar Ringim. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai na gaji bindigar tokarsa da ƙahon albarushi da wani ɗan ma'auni na tagulla wanda ya yi santsi saboda yawan riƙo. Ni ba mafarauci ba ne. Harbina na hawan Sallah ne da naɗin sarauta, sai kuma korar tsuntsaye idan dawa ta fara kai. Takardar izinina tana nan, don dokar makamai ta 1959 ba ta bar ko bindigar toka a baya ba.

Abin da ya sa na sayi sikelin nan ba abin daɗi ba ne. Babbar Sallar bara waccan, muna jere a ƙofar fada, abokina da ke damana ya ɗura bindigarsa da tafin hannu, yadda yawancinmu muka saba, kuma ranar so yake tasa ta fi ta kowa ƙara. Yana jan kunama bututun ya tsage daga gindi. Ban manta warin farar wuta da yadda ya tsaya yana kallon hannunsa kafin ma zafin ya iso masa ba. Yatsu biyu ya rasa, kuma tela ne.

Bayan sati uku na shiga Kano, na sayi sikelin a kasuwar Sabon Gari. Irin wanda masu sayar da zinare ke ajiyewa a gabansu ne. Girmansa bai wuce wayar hannu ba, yana da murfi da ƙaramin faranti na ƙarfe, batir biyu ƙanana yake ci. Yana ɗaukar giram 200, yana kuma nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Kuɗinsa bai kai na kaji biyu ba.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, nesa da madafa, na ɗora shi a kan benci. Na ɗibi albarushi da tafin hannu sau goma, kowanne ina ji a raina daidai yake da na baya. Da na auna su ɗaya bayan ɗaya, jikina ya yi sanyi. Mafi nauyi ya kusa ninka mafi sauƙi, kuma hannu ɗaya ne, mutum ɗaya, cikin natsuwa, ba a tsakiyar ƙura da kiɗan tambari ba. Sai na koma kan ma'aunin Baba, wanda a da nake ganinsa kamar kayan tarihi. Na cika shi, na shafe bakinsa da tsinke, sau goma. Bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ashe tsohon nan ya san abin da yake yi, mu ne muka raina.

Amma a nan ne aikin sikelin ya tsaya, kuma ina so wanda zai saya ya ji wannan da kyau. Yana gaya maka nauyin abin da ka ɗora. Ba ya gaya maka abin da bindigarka za ta iya ɗauka. Don haka na ɗauki bindigata na kai wa tsohon maƙerin da ke duba mana bindigogi tun zamanin mahaifina. Ya leƙa cikin bututun a hasken rana, ya ƙwanƙwasa gindinsa da ɗan guduma yana saurare.

Na ce, "Baba, nawa ya kamata in riƙa zubawa?"

Ya ce, "Ɗana, kowace bindiga da cikinta. Wannan ta tsufa, tsatsa ta ci ta ta ciki. Ma'aunin ubanka ma kar ka cika shi, rage."

Ya yi mini zane a jikin ma'aunin da ƙusa, ƙasa da baki. Nauyin abin da ya tsaya a wannan zane shi na rubuta, shi ne iyakata. Ba zan faɗi adadin a nan ba, don kada wani ya ɗauka ya zuba a tasa. Bututunmu na maƙera ne, kauri da ƙarfen wannan ba su zama na waccan ba.

Aibin sikelin na farko shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Akwai maɓalli guda da ke sauya ma'aunin daga giram zuwa wani da ake kira giren, harafin da ke nuna bambancin kuwa ƙanƙane ne a kusurwa. Giram ɗaya ya haura giren 15. Da giren masu haɗa harsashi a Amurka suke lissafi, kuma wanda ya karanta adadi a giren ya auna shi a giram ya ninka abin fiye da sau 15 bai sani ba. Ni na liƙe maɓallin da salatif.

Tun da zancen ya zo, lissafin da samari ke gani a bidiyon waya ba namu ba ne. Yawancinsa na garin harsashin zamani ne marar hayaƙi, wanda aka fara ƙirƙira a Faransa a 1884, kuma ƙarfin tunkuɗarsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, an yi shi ne don bututun masana'anta da aka gwada. Na ji masu fasa harsashi suna juye garinsa a bindigar toka wai don ƙara. Don girman Allah a daina. Babu sikelin da zai sa wannan ya zama lafiya, ko ɗan kaɗan aka zuba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Iska kaɗan tana girgiza lambobin, da hunturu sai na rufe ƙofar zaure. Idan batir ya fara rauni yana yin ƙarya ba tare da ya sanar ba, kuma bai zo da dutsen gwaji ba. Na ware wani ɗan noti na ƙarfe da na san nauyinsa, shi nake fara ɗorawa kullum. In lambar ta sauya, sai in canja batir. Yana kuma kashe kansa da wuri, kana tsakiyar aiki.

Yanzu ana jajibirin Sallah nake auna albarushina da rana, in ƙulle kowane zubi a takardarsa daban. Na daina zubawa kai tsaye daga ƙaho, don tartsatsin harbin baya kan saura a cikin bututu. Na kuma yi alama a sandar ɗuri, ta nuna mini in bindigar na ɗauke da ɗuri, kada in zuba na biyu a kan na farko. Ƙaramar Sallar da ta wuce mutum huɗu cikinmu suka zo zaurena da ma'aunansu, har da telan nan, wanda ya bar harbi amma shi ke riƙe mana littafin da muke rubuta iyakar kowace bindiga.