Asuwaki ko man goge baki mai fuloraid: wanne ke tsare haƙoran yaro?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 4 ya fara baƙin ɗigo a turmi, kakarsa kuma ta ce a ajiye man bature a koma asuwaki. Gaskiya kowanne da aikinsa.

Asuwaki shara yake yi, yana kankare dauɗar da ke manne wa haƙori. Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce, ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin alewa da biskit da lemon kwalba, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon haƙori. A hannun babba asuwaki na rage su sosai. A hannun ɗan shekara 4 kuwa, tauna shi zai yi ya yar, turamen ciki ko taɓa su bai yi ba.

Shi fuloraid, sinadarin da ake sawa a man goge baki, gyara yake yi. Yana taimaka wa ma'adinan da ke cikin miyau su koma inda tsamin ya fara ci, ɓawon ya ƙara tauri. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man cikin jerin muhimman magunguna. Ki juya kwalin ki duba, ki nemi 1000 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawan fuloraid da ke cikin man ke nan), domin wasu mayukan yara ƙamshi da zaƙi kawai suke sayarwa.

Inda asuwaki ya fi shi, ba ruwanki da fargabar haɗiya. Man kuwa in yaro ya saba lashe shi, haƙoran da za su fito daga baya kan zo da fararen ɗigo. Saboda haka ke za ki matsa masa, in ba haka ba sai ya cika buroshi fal kamar a talla. Ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Safe da dare, ya tofar, kada ya kurkure. Na dare ya fi muhimmanci, don miyau na raguwa in ana barci. Masu zama inda ruwan rijiya ke da fuloraid da yawa, irin su Langtang a Filato ko Tibiri a Maraɗi, su fara tambayar likita.

Ni dai man nake ba nawa, asuwaki kuma bayan abinci. Amma ɗigon nan, in ya riga ya yi kogo, babu wanda zai cike shi cikin biyun, sai likitan haƙori. Kada ki ce ai zai yi famfara: turamen yara ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12.