Munduwar gaggawa ta masu gudu: ta ci kuɗinta, amma da gyara

Abin ba wani babba ba ne. Roba ce mai laushi da ake sawa a wuyan hannu, da ɗan ƙarfe maras tsatsa da aka zana wa rubutu layi biyar. Na saye ta ne saboda bayan sallar asuba nake fita gudu, gari bai gama wayewa ba, kuma wandon guduna ko aljihu babu. Idan mai adaidaita sahu ya kwashe ni, ko sugana ya faɗi na zube, wanda ya tsaya a kaina bai san ɗan gidan wa ya tsinta ba.

Wani zai ce ai akwai waya. Haka ne, iPhone da Android duka suna da wurin bayanan gaggawa da ke buɗuwa ko wayar na kulle. Amma mutum nawa a bakin titi suka san da shi? Kuma waya takan fashe, ko ta yi ƙafa kafin a isa asibiti.

Inda aikin yake shi ne zaɓen abin da za a rubuta, don wurin kaɗan ne. Na sa sunana, da lambar maiɗakina, da ta ƙanena (ita takan bar wayarta a caji), sai "ciwon suga". Masu sikila, asma, farfaɗiya, ko waɗanda jikinsu ba ya karɓar penisilin, wannan layin ya fi komai muhimmanci a gare su. Rukunin jini kuwa ɓarnar wuri ne, domin asibiti sai sun sake gwadawa kafin su ƙara wa mutum jini. Rubutun da Turanci na yi shi, saboda ma'aikatan asibiti.

Munduwar ba ta da nauyi, har da ita nake alwala. Wani dattijo a masallaci ma ya tambaye ni ko kambu ne.

Aibinta: gumi na taruwa a ƙarƙashinta, in ba a wanke ba sai ta fara tsami. Haruffan sun yi ƙanana, a duhu sai an haska tocila. In ka canza lamba kuma, sai dai sabon ƙarfe. Akwai mai alamar QR, wato ɗan zanen da ake ɗauka da kyamarar waya, da ake sabunta bayananta ta intanet, ban ɗauke ta ba, don ban ga mai tsayawa neman data a kan mutumin da ya suma ba.