Daga Bourke, bakin kogin Darling: abin da mai zuwa zai tarar

'Yan uwa, Bourke ƙaramin gari ne a jihar New South Wales ta Ostireliya, kusan kilomita 760 daga Sidni, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Fili ne fetal, jar ƙasa, ga zafi irin na Maiduguri a bazara, sai dai nan a Janairu yake yi.

Kogi ne ya kafa garin, a ƙasar ƙabilar Ngemba. Baturen Ingila mai binciken ƙasa, Charles Sturt, ya iso a 1829 ya tarar da ruwan da gishiri-gishiri. Daga 1859 jiragen ruwa masu tururi suka fara kwasar gashin tumaki, har jirgin ƙasa ya zo a 1885 ya ƙwace musu ciniki. Inda ruwa da dogo ba su kai ba, raƙuman fataken Afganistan da Indiya ke kai kaya. Ɗan masallacinsu na kwano yana nan cikin maƙabartar garin.

Yau babu jirgin ƙasa, layin ya mutu bayan ambaliyar 1989. Komai a babbar mota yake zuwa daga wajen garin Dubbo, kilomita kusan 370, shi ya sa mai da kayan miya suka fi Sidni tsada. Kuma ba a tayi. Ba kasuwa, ba mai koko a bakin titi, dare na yi kantuna sun rufe. Daddawa da kuka kuwa, sai ka yo guzuri daga birni.

Batun ruwa a kula. Bututu biyu ne: na tataccen ruwa don sha da girki, da na ɗanyen ruwan kogi don ban-ruwan fulawa. Baƙo kan sha na tsakar gida ya kwana da ciwon ciki. A lokacin fari na 2019 kogin ya daina gudu, aka koma rijiyoyin burtsatse.

Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, a nan kam sun fi mu nesa ba kusa ba. Akwai asibiti, amma ciwo in ya yi tsanani jirgin saman likitoci ne ke ɗaukar mutum zuwa Dubbo ko Sidni. Layin waya a sayi Telstra, sauran da an bar gari sai su ɗauke.

Kada a yi tuƙi da magariba ko asuba. Lokacin ne kangaru, wata babbar dabba mai tsalle, ke faɗowa titi, guda ɗaya ya isa ya fasa lagireto, ga gareji mafi kusa da nisan gaske.