GARGAƊI ga masu neman motar farko a Sakkwato: an cinye mani miliyan uku da dubu ɗari biyu ina tsaye gaban motar

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye. Ina wanga rubutu raina a ɓace, kuma don Allah masu cewa "ai araha ba ta ado" ku karanta har ƙarshe tukuna kafin ku yanke mani hukunci. Akwai wani ɗan damfara da ke saka tallan Corolla 2005 ruwan toka a gurufan saye da sayarwa na Facebook, ya cinye mani naira miliyan uku da dubu ɗari biyu. 3,200,000. Kuma ba motar hoto ba ce, motar tana nan cikin garin ga, na gan ta da idona, na shiga, na tuƙa ta, lokacin da nake danna tura kuɗin ma jingine nake da ƙofarta.

Tun kafin wani ya ce gaggawa na yi, ni na daɗe ina wanga shiri. Na shiga makarantar koyon tuƙi, na yi lasisina yadda doka ta ce, na zagaya wuraren dillalan mota na cikin gari har sun fara gane ni. 'Yar Kwatano dai na san ta fi ƙarfina, tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ga dala ta haukace, wadda kuma anka shigo da ita ta bayan fage babu duti ban son ta ko kyauta ce, don ban iya rayuwar da kullum na hango kwastam a hanya gabana ya faɗi. Sai na tsaya kan wadda anka yi amfani da ita nan gida, mai takardu cikakku, mai shan mai kaɗan, don kowa ya san yadda fetur ya koma tun da anka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Albashin malamin makaranta nake ɗauka, ba kwangila nake yi ba.

Kuɗin nan kuwa ga yadda sunka taru. Miliyan ɗaya da rabi kwasar adashina ce. Dubu ɗari tara na babur ɗina da na sayar, wanda yanzu da shi da motar duk babu, a keke nake zuwa aiki. Dubu ɗari takwas Inna ce ta sa anka kai santa kasuwar dabbobi ta Kara anka sayar, ta ce in cika in sayi mota in riƙa kai ta asibiti ba sai an ɗora ta kan babur cikin rana ba. Ku haɗa. Miliyan uku da dubu ɗari biyu. Har yanzu ban faɗa mata ba, jiya ma ta tambaye ni yaushe za a kawo motar ta sa mata albarka, na ce takardu ake gyarawa.

Abin da nake so ku gane shi ne yadda mutumin ga ya shigo mani. Ni da na yi mai magana ma ba Corollar na tambaya ba, zuciyata na kan Honda EOD ce, na ce Alhaji ko kana da ita. Sai ya kira ni ta WhatsApp ya ce, "Malam, kai da ka ce sabon direba ne mi za ka yi da EOD? Ƙafarta ba ta son ramu, ranar da bol-joyin ya saki taya za ta kwanta maka tsakiyar titi. Camry Big Daddy kuma injinta 2.4 ne, tankinta lita 70, aljihunka ba ya ɗauka. Ka nemi Corolla, inji 1.8, tanki lita 50, sarƙa ce ciki ba bel ba, kayan gyaranta ko ƙauye ka tahi ka samu. In ma ba tawa za ka saya ba, ka nemi irinta." In ma ba tawa za ka saya ba! Na kai ma bakanikena wannan magana ya ce wallahi duk gaskiya ya faɗa maka, babu ƙarya ko ɗaya. To ku faɗa mani, mutum ya ba ka shawarar da bakanikenka na amana ya sa ma hannu, ta ina za ka fara zarginsa?

Sannan ga saƙon muryar nan. Yana nan cikin wayata, na saurare shi har na haddace. "Ƙanena, don girman Allah kada ka turo mani ko kwabo sai bakanikenka ya duba ta ya gamsu. Ni ban cin haram." Da Sakkwatanci tsantsa, muryar dattijo, a natse, har ana jin kiran salla a bayansa. Ni ban cin haram. Kada ka turo ko kwabo. Ni duk 'yan damfarar da na taɓa jin labarinsu matsa maka suke ka tura kafin alƙalami, su ce wani na hanya da kuɗi a hannu, ko su ce gwanjon kwastam ne, wannan kam ko yaro ya san shi. Wanga shi ke hana ni turawa. Shi da bakinsa ya ce in riƙe miliyan ɗaya har sai an canza sunan takardu, don mun daidaita kan miliyan huɗu da dubu ɗari biyu ne, ya ce ba ni uku da ɗari biyu, sauran in an gama. Wane ɓarawo ne ke cewa ka riƙe miliyan ɗaya?

Da na je ofishin 'yan sanda wani ke ce mani ai da ka ga sunan asusun ya bambanta da ka tsaya. Haba jama'a. Ku shiga Tsohuwar Kasuwa yau ku sayi kaya, nawa ne za su ba ku lambar asusun da sunansu ke kai? Wani na yaron shago zai ba ka, wani na mai POS ɗin kusa da shi, wani na ɗansa. Ce mani ya yi asusun shagonsa ne na Abuja, yaronsa ke riƙe da shi. Mi ne abin mamaki a nan?

Bari in koma baya, na tsallake ranar duba motar. Ya ce shi yana Abuja kan kasuwanci, motar na hannun ƙanen matarsa wajen Mabera, ya ba ni lamba da kwatance. Amma ya roƙe ni abu ɗaya, ya ce kada in yi maganar kuɗi da yaron, wai ya so ya karɓe ta bashi ne shi kuma ya hana, in ya ji an bar mani ita a haka rigima za ta tashi a gida har ta kai ga uwargida. Wa bai san irin wagga rigima ta surukai ba? Na ce babu komai Alhaji, Allah ya rufa asiri.

Munka je ni da bakanikena da rana tsaka, da gangan, don in ji ƙarfin AC, kun dai san zafin garin ga, watan Afrilu ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. Mutumin ya fito da makulli da fayil ɗin takardu, mutum kamili, ya ce ku ne Alhaji ya turo? Munka ce mu ne. Kun ji fa, shi ma Alhaji ya ce. Bakanikena bai yi wasa ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko ya yi fari-fari alamar gaskit ya ƙone, ya duba ruwan lagireto, ya sa na taka totur shina kallon hayaƙin salansa, ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashi ya tabbatar ba a cire indomi ba, wato abin tace hayaƙin nan na jikin salansa, ya bi jikinta da ɗan maganaɗisu yana neman inda anka cika da fila anka shafe da fenti, ya jona na'ura ya duba ƙwaƙwalwarta. Ni kuma na ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, na gwada ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardar kwastam da ta lasisin mota, duk ɗaya, ta goma a jere kuma 5 ce, wato 2005 ɗin ce da gaske. Har lambar motar na saka a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta fito daidai. Munka zagaya da ita, giya na shiga lafiya, birki na ci, abin da ya samu kawai shokozoba na baya sun yi laushi. Ya ja ni gefe ya ce Malam in ka bar wagga mota ka yi asara. Sunan da ke takardun na shi mutumin ne, wannan ma Alhajin ya riga ya faɗa mani tun da dare, wai da sunansa anka yi rajista don shi ba mazauni ba ne. Komai sai da ya riga ni.

To mi kuma ya rage ban duba ba? Wanda ya san wani abu da ake dubawa jikin mota wanda ban duba ba ya faɗa mani.

Na kira shi na ce Alhaji mun gamsu. Ya ce Alhamdulillah, Allah ya sa abokiyar arziki ce, Allah ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Na tura miliyan biyu, na sake tura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ya rubuto, "Na gani ƙanena, ce mai ya ba ka makulli." Na juya na miƙa hannu. Mutumin ya ciro wayarsa ya duba, ya ce shi bai ga alat ba tukuna, mu ɗan jira ƙila netwok ne. Na ce wane alat kuma, ai Alhaji na tura mawa. Ya ɗago ya kalle ni. Na nuna mai rasit, ya karanta sunan a hankali ya ce, "Wa ke nan?" Na ce yaron shagon mijin yayarka. Ya ce wace yaya, ni ban da yaya a Abuja, ai kai ne ƙanensa. Ina sake duba waya hoton da ke kan lambar ya ɓace, na kira a kashe, bakanikena ya kira a kashe, mai motar ya kira a kashe. Yaron gidan na tsaye da ruwan sanyin da anka kawo mana ko karɓa babu wanda ya yi.

Ashe mai motar shi ya fara saka tallan abarsa, miliyan shida ya sa mata. Ɓarawon ya kira shi ya ce zai saya ma ƙanensa ne kyauta, bai ma nemi ragi sosai ba, ya ce a turo mai hotuna da bidiyo da hoton takardu, sannan ya ce ƙanen zai zo da bakanike amma kada a faɗa mai kuɗin, in ya ji tsada zai ƙi karɓa, shi zai tura daga can in an gama dubawa. Ni an ce kada in yi maganar kuɗi, shi an ce kada ya yi maganar kuɗi. Munka yi ta gaisawa muna hirar mai da zafi da hanyar Gusau, kowa na rufa ma Alhaji asiri. Mai motar bai da laifi, Allah ya sani, shi ya ɗauke mu cikin motar tasa ya kai mu wurin 'yan sanda ya ba da nasa bayani.

Banki na fara zuwa ko 'yan sanda, wallahi ranar ta rikice mani, na dai san na rubuta takardar ƙorafi, anka ce sai an kawo umarnin kotu, daga baya anka ce kuɗin ba su ma zauna cikin asusun ba, an rarraba su an cire. Miliyan uku da dubu ɗari biyu, abin da na tara da wanda Inna ta ba da, kafin a yi sallar la'asar sun watse. Na kai takarda ofishin EFCC na nan Sakkwato, ina jira. Asusu dai ba ya buɗuwa babu BVN ko NIN, akwai mutum a bayansa, kuma ban bari. Miliyan ɗayan da ya ce in riƙe kuwa bashin kofaretib ne na wurin aiki, an riga an fara cira daga albashi. Yanzu na gane ba tausayina ya ji ba, da ita ya sayi yardata. Kada ka turo ko kwabo. Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ba duniya da lahira.

Ina da komai. Hirarmu ta WhatsApp tun daga sallama, saƙon muryar, rasit biyu, hoton tallan kafin ya goge, da hirarsa da mai motar wadda shi ma ya turo mani. An ce in dakata da sakin sunan asusun da lambar wayar har mai bincike ya ba da izini, amma sikirinshot ɗin hirar zan rufe sunaye in saka su a ƙasa da daddare, ku ji muryar ma da kanku ku faɗa mani ko ku da ba ku yarda ba.

Mai neman mota, wanda sunansa ke kan takarda shi za ka tura mawa, gaba da gaba, kuma ka faɗi kuɗin da ƙarfi a gabansa. Duk wanda ya ce kada ka yi maganar kuɗi da mai riƙe da makulli, tashi ka bar wurin.

Kuma bai daina ba. Ɗazu wani abokin aikina ya nuna mani tallan Pontiac Vibe a wani guruf na Birnin Kebbi, sabon suna, sabuwar lamba, amma a ƙasan tallan an rubuta "kada ka biya sai bakanikenka ya duba". Na tura ma mai binciken. Duk wanda ke cikin gurufan Kebbi da Gusau don Allah ya tura wanga rubutu can yau ɗin nan, kuma wanda ya taɓa jin wagga murya ya yi mani magana ta inbos.