Hattara da masu tallar wayar haske mai ruwan zinare

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma masu son kayan sauti take kamawa. Ni ma sai da ta taɓa aljihuna kafin na farga.

Kun san siririyar wayar nan da ake haɗa talabijin da sifika ko amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ita, wadda idan ka leƙa bakinta za ka ga ɗan jan haske? Sunanta TOSLINK, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983. To, ita ce wani mai talla ya ɗora a bidiyo, yana jujjuya ta a hannu kamar sarƙar amarya. Wai bakinta an yi masa ruwan zinare, jikinta an naɗe shi da sulke hawa uku, da zarar ka saka ta dumar kiɗa za ta ƙara kauri, murya ta fito garau. Kuɗinta ya ninka na wadda ake samu a cikin kwalin na'ura ninki ba ninki. Da na nemi ragi sai ya ce, "Yallaɓai, ai araha ba ta ado." Na biya.

Daren farko har rantsuwa na yi cewa sautin ya sauya. Ƙanena, wanda gyaran kayan lantarki ne sana'arsa, bai yi mini musu ba. Cewa ya yi, "Yaya, juya baya." Ya riƙa sauya tsohuwar da sabuwar ba tare da na gani ba, yana tambayata wacce ke ciki. Canka kawai na dinga yi, har sau da yawa na yabi tsohuwar da sunan sabuwa. Ashe kuɗin da na kashe ne ke yi mini kiɗa a kunne.

Daga nan ya zaunar da ni. Babu wutar lantarki ko ƙanƙani da ke bi ta cikin wannan waya. A cikinta zaren roba ne mai kaurin milimita 1, a bakin na'ura kuma akwai ƙaramar fitila da ke kunnuwa tana mutuwa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Wannan ƙiftawa ita ke ɗauke da lambobi, sifili da ɗaya, bisa tsarin S/PDIF da Sony da Philips suka tsara. Sautin faifan CD, alal misali, an yayyanka shi ne gida 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane yanki an mayar da shi lamba. Aikin wayar ta kai lambobin nan ɗaya ɓangaren, shi ke nan. Idan sun isa, na'urar can ce za ta mayar da su sauti. Waya ba ta san wace lamba ce ganga wace ce murya ba, balle ta zaɓi ɗaya ta ƙara mata armashi.

Yanzu ku dubi zancen zinaren. A wayar da wuta ke bi, ruwan zinare yana da ɗan amfani, domin yana hana baki yin tsatsa. Amma a wayar da haske ke bi, zinaren me zai yi? Hasken ta tsakiyar zaren yake fita, ko taɓa ƙarfen ba ya yi. Haka ma sulken: ana yi wa wayar tagulla rufi don kare ta daga kutsen wutar da ke kewaye, shi kuwa haske ba ruwansa da wannan kutse tun asali. Wato abubuwa biyun da ya fi tallatawa su ne suka fi tona masa asiri.

Idan wayar haske ta lalace, ba a ɓoye take yi ba. Sauti zai riƙa yankewa, ko ka ji ƙas-ƙas, ko ya ɗauke ɗungurungum. Ba ta rage zaƙin kiɗa a hankali yadda suke faɗa.

Kada in yi musu rashin adalci, akwai inda ingancin waya ke da tasiri. Hasken yana raunana idan tafiya ta yi nisa, don haka in ka wuce mita 5 zuwa 10, zaren gilashi ya fi na roba kai saƙo. Bakin da bai zauna daram ba ma matsala ne. Masu wayo a cikinsu kuma za su kawo maka zancen jita, wato ɗan saɓanin lokaci wajen isowar lambobin. Abu ne da ke akwai, sai dai na'urorin zamani suna daidaita lokacin da kansu kafin su fitar da sauti, kuma tsakanin talabijin da sifikar da ke ƙarƙashinta tazarar ba ta kai a yi zancenta ba.

Ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce wadda ya rubuta ɓaro-ɓaro a tallar, wai wayar tana ɗaukar Dolby Atmos, wato tsarin sautin da ke kewaye mai sauraro har ta sama. Wayar haske sautin sifika biyu take ɗauka, ko tsarin sautin Dolby Digital da DTS na 5.1 (sifika biyar da ta duma ɗaya) da aka matse don rage girmansu. Dolby TrueHD (tsarin sautin da ba a rage masa komai ba) da Atmos sun fi ƙarfinta, sai ta wayar HDMI mai ɗaukar hoto da sauti. Iyakar tana cikin tsarin da na'urorin ke amfani da shi, ko wayar lu'ulu'u ka saka ba za ta sauya ba.

Duk wanda zai saya, ya ɗauki mai sauƙin kuɗi daidai tsawon da yake bukata. Ya cire 'yar hular robar da ke bakinta (mutane da yawa suna mantawa, sai su ce waya ta mutu), ya tura har ya ji ta ce ƙyas, kuma kada ya lanƙwasa ta sosai a bayan talabijin.

Na koma wa mai tallar da tambaya ɗaya: ta ina zinaren ke taɓa hasken? Bai amsa ba, toshe ni ya yi. Bidiyon nasa yana nan har yanzu, sunan shafin kawai ya sauya.